Littafin Zulaiha a Majalisar 'Yan Shadda

Zulaiha Ƙasimu ta rubuta littafinta da Turanci ne saboda dalili guda, ko da yake in 'yan jarida sun tambaye ta takan jero musu wasu dalilai masu daɗin ji. Ainihin dalilin shi ne mahaifinta ba ya jin Turanci. Alhaji Ƙasimu mai shadda, na layin 'yan yadi a babbar kasuwar Sakkwato, yana karanta Larabci da ajami ba gargada, yana lallaɓa Hausar boko in ta kama dole, amma Turancinsa bai wuce na gaisawa da 'yan kwastan a hanyar Illela ba. A lissafin Zulaiha, duniya za ta karanta abin da ya same ta, Baba kuwa ya ci gaba da auna yadinsa hankali kwance. Dabara ce, ba laifi. Sai dai dabarar 'yar boko ce wadda ta manta garin da aka haife ta.

Ga abin da ke cikin littafin. Shekarun baya an sa ranar aurenta da Hamza, ɗan Alhaji Tambari, wanda shagonsa ke manne da na babanta, kuma abokin cin tuwonsa tun suna samari. An kawo lefe, ƙawaye sun ɗinka anko, sai Hamza ya aiko cewa ya fasa, ko dalili bai bayar ba. Bayan 'yan watanni ya auri wata. Tsofaffin biyu suka ce ƙaddara ce, suka yi musabaha, suka koma sa hannu a kwano ɗaya. Ita kuwa Zulaiha ta shige ɗakin ƙuryar gidansu a Gawon Nama ta kwanta, kwanciyar da ta kusa cinye mata shekara biyu. Ba ta ci sai an matsa, ba ta wanka sai an ja ta, ba ta kuka ma balle a rarrashe ta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya har masu yi suka gaji. Daga ƙarshe Janet, 'yar maƙwabcinsu Malam Ishaya, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta sa ta a mota ta kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. A can aka kira ciwon da sunansa, ciwon damuwa, aka ɗora ta a kan magani, ta dawo cikin mutane sannu a hankali.

To a Sakkwato in an ce an kai wane Kware, magana ta ƙare, har jikokinsa sai an yi musu gori. Don haka duk tsawon wannan lokaci, kowa ya tambayi Alhaji Ƙasimu ina Zulaiha, sai ya ce tana Birnin Kebbi wajen gwaggonta. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a masallaci, ya faɗa har ya kusa yarda da kansa. Da ta warke ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba, shi ma bai taɓa ɗaga mata ba. A littafin ta canza sunan Hamza, amma Kware da Birnin Kebbi ta bar su yadda suke. Kuma ta tabbata a ranta, ranar da Baba ya san ta kwance masa zani a bainar jama'a, ranar za ta rasa uba yana raye.

Ranar wata Laraba yabon littafin ya fashe. Tana zaune a ofishinsu na sakatariya, fanka na kaɗa mata iska mai zafi, sai ga Janet ta faɗo ba ko sallama, da fararen kayan aikinta, waya ɗage a sama. Janet a Sakkwato aka yanke cibiyarta, Sakkwatancinta ya fi na wasu 'yan cikin gari kauri.

"Ke marubuciya! Tashi tsaye, wanga ba a jin shi zamne!"

"Mi yaf faru kuma?" in ji Zulaiha.

"Mi yaf faru? Legas ta kama da wuta, kina nan kina buga takardar hutun wani!"

Janet ta haye kujerar baƙi ta fara karantowa. Wata mai sharhin littattafai a wata babbar jarida ta Legas ta ba littafin shafi guda cur. Ta ce ta buɗe shi da niyyar leƙawa kawai, ba ta farga ba sai da abincinta ya ƙone a kan wuta. Ta ce marubuciyar ta kalli ciwonta ido cikin ido ba ta ƙifta ba, kuma ba ta roƙi tausayin kowa ba. Wani farfesa a Ibadan ya ce ya daɗe bai karanta Turancin da ake jin ƙamshin wani harshe a ƙarƙashinsa kamar wannan ba. Wata likitar ƙwaƙwalwa kuma ta rubuta cewa za ta sa ɗalibanta su karanta shi kafin su taɓa majinyaci.

"Ƙarya kike, ba ni in gani!" Zulaiha ta fizge wayar.

Ba ƙarya ba ce. Ga sunanta nan, ga hotonta da jan mayafi, wanda ta ce wa mai hoto bai yi kyau ba. Ta karanta, ta koma sama ta sake karantawa. Matan ofis suka yanyame ta. Wata dattijuwa mai kula da fayil, wadda ko murmushi ba a san ta da shi ba, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har darakta ya leƙo yana tambaya wa ta haihu. Zulaiha na dariya tana hawaye, ta rungume Janet suna tsalle kamar 'yan firamare. Daɗi ya kama ta, irin daɗin da a da ta yanke ƙaunar sake jin sa a duniya. Yarinyar da ɗaga kofi ya taɓa gagarar ta, yau ita farfesoshi ke cire wa hula.

Kafin azahar labari ya kai wani gidan rediyo na cikin gari. Mai gabatar da shirin bai karanta littafin ba, kuma bai ga dalilin da zai sa wannan ya hana shi magana ba. Ya kwashe yabon kaf ya juye shi da Hausa, ya ƙara gishiri da nasa: ɗiyar Sakkwato ta girgiza Kudu, alƙalaminta ya fi takobi, jaruma, mai gaskiya, Zulaiha Ƙasimu Gawon Nama! Kan me littafin yake magana, wannan bai faɗa ba, don shi ma bai sani ba.

Ba a rufe shirin ba wayarta ta yi ƙara. Ta duba. Baba ne, mutumin da ba ya kiran 'ya'yansa sai dai ya ba Inna saƙo.

"Zulai! Ke anka hwaɗi ga rediyo yanzu?"

"Ni ce, Baba."

"Allahu akbar! Jama'a, ita ta! Na ce muku ita ta!" A bayansa tana jin kasuwa ta kaure, ana kabbara, wani na buga gwangwani. "Layi duka ya tashi, Zulai. Na'Allah mai huluna da gudu yaz zo da rediyonai har shago, ya bar takalmi guda ga hanya. Ashe littahi kinka wallahwa, ba ki hwaɗa mani ba?"

"Ai na ce maka ina ɗan rubutu, Baba."

"Ɗan rubutu! Hwarhwesa guda shina yabo, kina ce mani ɗan rubutu! Kakanki ya so a samu mai littahi ga zuri'a tai, bai gani ba, ni na gani. Allah shi yi maki albarka, Allah shi yi maki albarka!"

Ya kashe kafin ta ce amin. Tun da take ba ta taɓa jin muryarsa haka ba, kamar an zare masa shekara talatin. Daɗin ya ninku, sai dai a ƙasansa wani ɗan sanyi ya ratsa ta.

Janet ta kalle ta. "Ya san abin da ke ciki?"

"Da Turanci hwa nir rubuta," in ji Zulaiha, tana ba kanta ƙarfi. "Shi dai shi ji yabo shi yi murna. Taho mu ci masa, yau ni ke saye."

Suka ci masa da miyar taushe, suka sha fura mai sanyi, waya na ta ƙara, tsofaffin 'yan ajinsu da suka manta da ita duk sun tuna lambarta. Sai bayan la'asar Inna ta kira, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke, kina ina? Babanku tun azahar yar ruhe shago. Ya shigo ya ce in ba shi littahin da kinka ba ni ajiya, na ba shi, mi za ni ce? Yanzu ga shi can ƙohwar gida an shimhiɗa tabarmi, an sawo balangu da lemu."

"To ai ba komi, Inna, murna ta."

"Murna? Ya kira Malam Ishaya shi karanta, shi hwassara musu da Hausa."

Zulaiha ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. "Su wa?"

"Layin shadda duka. Har Tambari."

Abin da 'yar boko ta manta ke nan. A garin nan littafi ba abin da mutum ke ƙulewa ɗaki ya karanta shi kaɗai ba ne kamar mai cin bashi. Littafi in yana da daraja tabarma ake shimfiɗa masa, mai karatu ya ja, a fassara, jama'a na gyaɗa kai suna cewa na'am. Haka Alhaji Ƙasimu ya buɗe ido ya ga ana yi a zaurukan malamai, inda harshen littafi bai taɓa hana kowa jin abin da ke cikinsa ba. Yau ɗiyarsa ta zama mai littafi, ga kuma tsohon malamin Turanci katanga ɗaya da shi. Me kuma zai jira?

"Kira babanki, ki ce shi tsaya!" ta ce wa Janet.

"Baba da waya? Tana ƙarƙashin matashi tun Lahadi. Hau mu tahi!"

Suka haye ɗan babur ɗin Janet, roba-roba, wanda bai saba da gudun da ya wuce na zuwa asibiti ba. Ranar ya ga ta kansa. Janet ta ratsa tsakanin 'yan kabu-kabu tana danna oda, ta zagaye shatale-tale kamar za ta kwanta, wani mai kurar ruwa ya bi su da baƙar magana. Zulaiha na baya, hannu ɗaya riƙe da mayafi, tana shirya yadda za ta yi: ta sauka, ta nufi Malam Ishaya, ta karɓe littafin, ta ce akwai kuskuren bugu, sai an gyara.

Suna shawo kwanar gida shirin ya watse. Ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansu cike yake da manyan riguna da dogayen huluna, sa'o'in babanta da waɗanda suka girme shi. Wace ɗiya ce za ta keta majalisar ubanta ta fizge abu a hannun dattijo? Ko a mafarki ba a yi. Ƙafafunta da kansu suka san aikinsu: ta sauka daga nesa, ta gyara mayafi, ta zo gefen tabarma ta durƙusa.

"Ina wuninku, Baba."

"Ga malama! Ga malama ta iso!" Majalisa ta ɗauka gaba ɗaya. Alhaji Ƙasimu na tsakiya cikin farar shaddar da ba ya sawa sai Idi, fuskar nan kamar an ba shi kujerar Makka. Alhaji Tambari da kansa ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi ƙara basira, ɗiyata, kin hid da mu kunya." Ta ce amin. Ta saci kallon Malam Ishaya. Tsohon na zaune a kan kujerar roba, littafin a cinyarsa, gumi na bin wuyansa, ya yi mata kallon wanda aka kama da kayan da ba nasa ba.

Ita da Janet suka shige zaure. A bayan ƙyaure suka tarar da Inna tsaye, ta kasa kunne.

"Ya yi ƙoƙari, bawan Allah," Inna ta raɗa musu. "Ya ce ya manta tabarau nai, babanku ya cire nashi ya ba shi. Ya ce maƙoshi na yi mai ciwo, anka kawo mai zuma."

Malam Ishaya ya san komai, don a motarsa aka kai Zulaiha Kware. Saboda haka ya kama bangon baya na littafin, inda mawallafa suka jera yabon waɗanda suka fara karantawa, ya riƙe shi gam. Ya karanta kowanne da Turanci, domin Alhaji ya ce yana so kunnensa ya ji yadda abin yake, sannan ya fassara, ya yi sharhi, ya ba da tarihin garin da mai yabon ya fito. Majalisa na ta "Madalla!" da "Kai, jama'a!" Da aka zo inda wani ya ce littafin zai daɗe ana karanta shi, Na'Allah mai huluna ya rantse tun tana rarrafe ya ga alama.

Da bango ya ƙare, Malam ya shiga babin farko a hankali, kamar mai taka ƙaya. Nan kuwa ba abin tsoro. Yarintarta ce: yadda takan bi Baba kasuwa ranar Asabar, ta zauna a kan bandir tana kallon sa yana warware shadda da hannu ɗaya, yana sa mai saye ya shinshina ta, ya murza, ya ɗaga ta a rana. Ta rubuta yadda yake gane 'yar Jamus daga jabu da ƙarar da take yi in an girgiza. Har mai hulunan da ke ba ta alewa a ɓoye ta sa a ciki.

"Ni na! Wallahi ni na!" Na'Allah ya yi zumbur ya miƙe. "Na shiga littahi, jama'a! Malam, maimaita wurin ga!"

Aka kwashe da dariya, aka maimaita masa. A bayan ƙyaure Zulaiha ta ji kanta tana murmushi duk da tsoron da ke cin ta. Ba ta taɓa jin maganarta da Hausa a bakin wani ba, kuma ta yi daɗi, ta yi daɗi ƙwarai. Ta leƙa ta kafar ƙyaure ta ga inuwa ta miƙe har tsallaken titi. In Malam ya ci gaba da jan ƙafa haka, ladan zai kira magariba a watse, ita kuma ta san yadda za ta yi littafin ya ɓata kafin gobe. Ba ta taɓa ƙagara da kiran salla irin na ranar ba.

Sai ta ji babanta ya yi gyaran murya.

"Malam, dakata. Wanga duka ya yi kyau. Amma ni ɗan kasuwa na, ba a yaba bandir daga bakinai. Kowa na iya sa mai kyau bisa. Miƙo shi nan."

Ya karɓi littafin, ya auna kaurinsa da ido, ya sa babban yatsa ya raba shi biyu yadda yake yi wa shadda in dillali ya kawo, ya miƙa wa Malam a buɗe. "Ja muna nan, mu ji ko cikin ya kai bakin."

"Haka na! A ga tsakiya!" in ji majalisa, kowa na gyara zama.

Inna ta dafe ƙirji. Malam Ishaya ya dubi shafin, ya daɗe yana duba. Sannan ya fara karanta Turancin, murya ƙasa, da sauri, ya yi ta ja har ya kai ƙarshen shafi. Ya share goshi ya ce, "To, a nan tana cewa ta taɓa yin rashin lafiya, kuma Allah ya ba ta sauƙi."

"Shi ke nan?" in ji Alhaji Ƙasimu.

"Ma'anar ke nan a taƙaice, Alhaji."

"A'a, Malam. Ka ja Turanci yadi-yadi, ka yanko mani Hausa ɗan ƙyalle. Tun da muke maƙwabtaka na taɓa rage maka awo?" Aka yi 'yar dariya, amma shi bai yi ba. "Kuma ni ba ni jin Turanci, amma na ji ka ce Birnin Kebbi. Na ji ka ce Kware. Waɗanga ko ba Turanci ba na. Cika mani awona."

Dariyar ta ɗauke. Malam Ishaya dattijon coci ne, ya iya kauce wa magana amma bai iya ƙarya ba. Ya juya ya kalli ƙofar zaure.

Janet ta matso kunnen Zulaiha. "In hita in ce Mama ta hwaɗi, shi taho maza?"

Zulaiha ta buɗe baki za ta ce e. Sai ta ji wata gajiya ta sauko mata, tsohuwar gajiya. Ta rubuta littafi guda don ta daina ɓuya, ga ta kuma a bayan ƙyaure tana shirya wata sabuwar ƙaryar. Ta kama hannun Janet ta riƙe.

"Bari," ta ce. Sannan ta ɗaga murya kaɗan, yadda za ta kai waje. "Baba Ishaya, karanta mai duka."

Tsohon ya gyara tabaran aro, ya fassara, jimla bayan jimla, bai rage ba, bai ƙara ba.

"Tana cewa: Wanda ya fasa aurena shi ya kayar da ni, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne inda na faɗi. Babana mutumin kirki ne, kuma shi ya kai ni Birnin Kebbi ba tare da na shiga mota ba. Ina kwance a ɗakin ƙurya ina jiyo muryarsa a ƙofar gida yana gaya wa mutane na tafi wajen gwaggo. Na san don ya rufa mini asiri ya yi. Amma a garinmu ko ɗan yatsa ne ya kumbura wa mutum, unguwa takan cika gidansa da dubiya, wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo lemo, kowa ya ce sannu. Ni na yi ciwon da ya kusa kashe ni, ba wanda ya zo, ba wanda ya ce mini sannu, domin ba a duba wanda ya yi tafiya. Mutanen gida ma ba su faɗa ba, don in sun faɗa sun yarda ciwo nake. Ranar da aka kai ni Kware, wata tsohuwa da ke jinyar ɗanta ta dube ni a kan benci ta ce, sannu yarinya, yaya jiki? Na yi kukan da na kasa yi tun ranar da aka zo aka kwashe lefe."

Malam ya rufe littafin a kan yatsarsa.

Ba wanda ya ce madalla. Wani babur ya wuce, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace. Ta kafar ƙyaure Zulaiha ta ga Alhaji Tambari ya sunkuya yana laluben takalminsa, ya samu ɗaya ya miƙe.

"Zamna, Tambari," in ji babanta, bai ko kalle shi ba. "Ni da anka ambata ina zamne."

Tambari ya koma ya zauna, takalmin a hannunsa.

Daga nan Alhaji Ƙasimu ya dafa ƙasa ya tashi. Ya tattara hannun rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya nufo zaure. Zulaiha ta ja da baya har bayanta ya taɓa bango. Tsoro ya kama ta sosai. Ta san fushinsa ba na ihu ba ne, kalma biyu yake yi ya juya, kuma abin da ya faɗa ya zauna ke nan. Inna ta fara salati a hankali.

Bai shigo ba. A bakin ƙofa ya tsaya, inda duk majalisa ke ganin sa kuma take jin sa, ya tura ƙyauren ya buɗe gaba ɗaya.

"Zulai."

Ta durƙusa. "Na'am, Baba."

Ya daɗe yana kallon ta. Leɓensa na motsi, magana ta ƙi fita. Mutumin da ke iya sayar wa mai riga goma ta sha ɗaya, yau ga shi yana neman kalmar da ƙaramin yaro ya sani. Da ta fito, a karye ta fito.

"Sannu, Zulai. Yaya jiki?"

Ta ɗago kai. Kafin ta amsa, aka riga ta.

Daga kan tabarma Na'Allah ya cire hularsa, ya ce da ƙarfi, "Sannu, ɗiyata. Wallahi ba mu sani ba. Allah shi ƙara sauƙi." Na kusa da shi ya karɓa, "Sannu, malama, Allah shi sa kaffara ta." Sai ga shi ta ko'ina, wannan na gamawa wancan na ɗauka, wasu na tasowa suna matsowa bakin zaure kamar yadda ake yi a gidan majinyaci. Wani tsoho da ba ta ma san sunansa ba ya ce ƙaninsa ma ya kwanta Kware, yanzu ga shi can yana noman albasa. Alhaji Tambari ne ƙarshe. Ya zo da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, idonsa a ƙasa, ya ce, "Sannu, Zulaiha. Tun tuni ya kamata in zo." Janet na kuka a fili, ba ta ko ɓoyewa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Alhaji Ƙasimu bai gusa daga inda yake ba. Da hayaniyar ta lafa ya sunkuyo kaɗan, hawaye na sauka cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Ni ba ki amsa mani ba."

Zulaiha ta dube shi ido cikin ido.

"Da sauƙi, Baba," ta ce. "Wallahi da sauƙi."